Sunan Da Ke Ƙarƙashin Waƙar Baba

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Allah ya sanya alheri" tun da na ba ku labarin an samu gida, ku riƙe murnarku tukuna. In kun ga harafi ya tsallake a wannan rubutun ku yi min uzuri. Abin da na aikata yau ko aminiyata ban iya faɗa wa ba. Gara ku da ba ku san fuskata ba.

Saboda sababbin zuwa: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina aiki a shagon buga takardu. Mai nemana injiniyan sauti ne, yana da ɗan sitidiyo a saman wani kantin kayan gini. Kowa Injiniya yake ce masa, ban da Umma da ke kiransa "mai kiɗe-kiɗen nan naki" tana taɓe baki. Shekara biyu maganarta ɗaya ce, wai mutumin da ke kwana a kujerar sitidiyo ba zai ɗauki 'yarta ba. Ta ba shi zuwa ƙarshen watan nan ya nuna gida ko ya ba wasu wuri. Makon jiya sai ga shi da makulli. Ɗaki biyu da falo, hawa na biyu. Har labule na zaɓa, ruwan toka mai ratsin fari. Ban tambaye shi inda ya samo hayar shekara guda ba. Makulli kawai na gani, hankalina ya yi gaba ya bar ni.

Sai kun san Baba kafin ku gane tashin hankalina. Da ƙuruciya mawaƙi ne, shi da jitarsa. Faifai ɗaya ya taɓa yi, kuma waƙar ta karɓu, har yau gidajen rediyo na saka ta. A saman faifan an rubuta shi ya rera, da manyan haruffa. Amma a ƙasa, da ƙananan haruffa cikin baka, inda ake sa wanda ya rubuta waƙar, sunan manajan kamfanin aka sa. Shi Baba bai san wannan ɗan layin yana da wani amfani ba. Ashe duk sanda rediyo ya saka waƙa, ko wani ya sake rera ta, ko aka sa ta a fim, mai sunan da ke wannan layin ake biya. Shekara talatin da wani abu manajan nan yana ci, ya mutu 'ya'yansa suka ɗora. Baba ya rataye jita ya koma gyaran agogo. A gidanmu in waƙar ta shigo rediyo ba wanda ke jiran umarni, na kusa ne ke miƙa hannu ya kashe.

Waƙa ɗaya ta rage masa da bai ba kowa ba, a wani tsohon kaset cikin akwatin kayan aikinsa. Labarin mutumin da ke zuwa tashar mota kullum yana duba fuskokin masu sauka. Mu a gida waƙar tasha muke ce mata. Ni na nace a fitar da ita. Wata uku ina lallaɓa shi, ina kai masa shayi ina kawo maganar. Ranar da ya miƙo min kaset ɗin bai sake shi nan take ba, yana riƙe da gefe ina riƙe da gefe.

"Auta, ban ce ki kawo min kuɗi ba," ya ce. "Sunana nake so a wurin marubuci. Cikakke, har da na mahaifina."

"Baba, da hannuna zan rubuta."

Kuma da hannun nawa na rubuta. Wannan ne abin da ke ci na.

Injiniya ya wanke sautin, ya cire shuuu ɗin kaset, muryar Baba ta fito tamkar yana zaune a ɗakin. Yana da asusu a wani kamfanin rarraba waƙoƙi, irin waɗanda ke kai waƙa manhajojin sauraro su tattaro abin da ta samu, su cire kasonsu su turo sauran. Mawaƙa kusan arba'in ke fitar da waƙa ta asusun nan nasa. Ranar da za a ɗora waƙar Baba, Injiniya yana da aiki, wata mawaƙiya na cikin ɗakin ɗaukar murya tana ta maimaita layi ɗaya. Ya buɗe min fom ɗin a kwamfuta ya ce in cike. Na zauna da fankamata ta mai aikin buga takardu, wai ni fom zai gagara? Na rubuta sunan Baba a gurbin mawaƙi, harafi bayan harafi, na duba sau uku. Sauran shafukan na ga duk a cike suke, sai na yi ta danna "ci gaba" har aka ce an karɓa. Wata biyar ke nan.

Yau da rana ina shago, injin buga takardu na ta tofo katunan wata makaranta, zafinsa na dukan ƙafata, sai saƙonsa ya shigo.

"Albishirinki. Kunna rediyo ƙarfe ɗaya."

"Me ya faru?"

"Ke dai ki kunna."

Na ari rediyon maigidan shagonmu. Bayan taƙaitattun labarai sai na ji jitar Baba. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Layi biyu ya rera, sannan wata murya ta hau kai tana tallar wani kamfanin motocin safa, wai su ba sa barin kowa yana jira a tasha. Na yi ihu har abokiyar aikina ta yar da almakashi. Nan take na ce bari in ɗauki hoton shafin waƙar in buga wa Baba a takarda mai ƙyalli. Na buɗe manhaja, ga sunansa a sama ɓaro-ɓaro. Sai na ga 'yan ɗigo uku a gefe, waɗanda ban taɓa dannawa ba. Na danna.

Wanda ya rera: Baba. Wanda ya rubuta: Injiniya. Cikakken sunansa, har da na mahaifinsa.

Na rufe na sake buɗewa, ko wayar ce ta rikice. Yana nan. Zufa ta keto min har ta jiƙa wuyan doguwar rigata, mai ruwan ƙasa ɗin nan da na ce muku ba ta nuna datti. Abokiyar aikina na tambaya ko mutuwa aka yi. Na ja mayafi, ban ma tsaya neman izini ba.

Matakalar sitidiyon ashirin da biyu ce, yau ban san na taka su ba. Na same shi a gaban na'urarsa mai maɓallai, abin sauraro rataye a wuya, yana cin biskit. Ya juyo da murmushi, ya ga fuskata, murmushin ya tsaya a rabi. Tun a nan na sha jinin jikina. Wanda bai san komai ba tambaya yake yi. Shi ajiye biskit ɗin ya yi ya tashi ya rufe ƙofa.

Na miƙa masa wayar. "Mene ne wannan?"

"Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Sunan wa nake gani a nan?"

Ya shafa ƙeya. "Fom ɗin ne. Shi da kansa yake cike gurbin marubuci da sunan mai asusu, sai in an goge an sa wani. Yana shafi na uku. Na ɗauka kin gyara."

"Ka ɗauka."

"Wallahi na ɗauka. Ke ma ai kin ce min kin duba sau uku."

Nan ya same ni. Na jingina da bangon nan nasa mai soso. Gaskiyarsa ce, ni na danna. Ni da na riƙe gefen kaset na yi alkawari.

"To a gyara," na ce. "Yanzu. Buɗe kwamfutar."

Bai taɓa kwamfutar ba. Ya zauna a hannun kujera ya fara min bayani a hankali, irin yadda yake wa sababbin mawaƙa. Wai kowace waƙa kashi biyu ce wajen biya. Akwai sautin da aka ɗauka, wannan kuɗinsa daga manhajoji yake zuwa, kaɗan-kaɗan kan kowane sauraro. Akwai kuma ita waƙar kanta, kalmominta da karinta, wannan na marubuci ne. Shi ne wanda ƙungiyar marubuta waƙa ke karɓo wa kuɗi daga gidajen rediyo, shi ne kuma wanda masu talla da masu fim ke nema su sayi izini a hannunsa. Da aka ɗora waƙar, sunan da ke fom ɗin ya wuce ko'ina, har rajistar ƙungiyar.

"Na san wannan," na ce. "A gidanmu da shi aka yaye mu. Ni tallar nake tambaya. Wa ya ba su izini?"

Ya kau da kai yana gyara abin sauraron da ke wuyansa.

"Injiniya, wa ya ba su izini?"

"Marubucin da ke rajista suka nema," ya ce yana kallon ƙasa. "Suka turo min takardar lasisi. Wata shida, rediyo da talabijin."

"Yaushe?"

"Mako uku ke nan."

"Ka ga sunanka a wurin marubuci."

"Na gani."

"Ka sa hannu."

"Kwana biyu suka ba ni! In na ce a jira a gyara suna, gyaran kan ɗauki wata biyu, su kuma suna da wata waƙar a layi. Ga Umma ta sa min wa'adi. Me kike so in yi? In bar ki ki tafi?"

Sai a lokacin lissafin ya haɗu a kaina. Makullin. Ɗaki biyu da falo. Labulena mai ratsin fari. Duk waƙar tasha ce.

"Kuɗin Baba ka kama mana gida da su?"

"Aro na yi. Zan mayar masa har da ƙari, na rantse miki. Ai gidan 'yarsa ne."

"Ya ce maka yana son kuɗi?"

Ya taso zai matso, na ɗaga masa hannu. Ban taɓa jin tsoronsa ba sai yau. Ba wai zai taɓa ni ba, a'a. Tsoron da na ji shi ne yadda bayanin ke fita daga bakinsa sumul, ba gargada, alamar ya daɗe yana maimaita shi shi kaɗai. Mako uku muna waya kullum, yana tambayata wane fenti nake so a kicin.

"Saurare ni da kyau," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "A takardar nan na sa hannu cewa ni na rubuta waƙar, ba mai haƙƙi a cikinta sai ni. In aka canja suna yanzu, masu tallar za su ce na yaudare su, su janye, su kai ni kotu. Kamfanin rarrabawa kuma ba ya wasa da irin wannan. Rufe asusun za su yi gaba ɗaya. Waƙoƙin mutum arba'in za su sauka rana ɗaya, da abin da suka tara a ciki. Waccan da kika gani rannan, da kuɗin waƙarta take biyan makarantar 'yarta."

"To sai yaya?"

"Wata shida kawai. Lasisin na ƙarewa mu gyara a nitse, ba wanda zai ji. Baba ai ba manhaja yake buɗewa ba."

Na buɗe ƙofa na sauko. Kafin in kai bakin titi saƙo uku sun shigo.

"Don Allah kar ki yanke hukunci cikin fushi."

"Saboda ke na yi."

"Kar ki faɗa wa kowa tukuna. Ko Umma."

A mota na yi ta tsara yadda zan yi. Zan shiga, in gaishe su, in ce kaina na ciwo, in kwanta. Rediyon gidanmu dama ba a cika kunna shi da rana ba. In na samu kwana biyu zan san abin yi. Har na fara jin numfashina na daidaita.

Tun daga bakin ƙofa na ji jita. Ba a rediyo ba, a falonmu.

Ban taɓa ganin jitar nan a hannun Baba ba tunda aka haife ni, a saman kabad na san ta cikin tsohon zanen gado. Yau ga ta a cinyarsa, igiya biyu sun tsinke, yana taɓa sauran huɗun. Umma na zaune a hannun kujera da ɗankwalinta a karkace, tana dariya har da hawaye. Umma fa, wadda ke cewa kiɗa bai taɓa cika tukunya ba.

"Ga ta nan!" ta ce. "Shigo, 'yar albarka. Babanki ya je aski, yana kan kujera an shafa masa kumfa, sai ga muryarsa a rediyon mai aski. Da rabin gemu ya dawo gida!"

Na duba, gaskiya ne, gefe ɗaya a aske, gefe ɗaya fari fat. Na yi abin da ya yi kama da dariya.

"Kai, yaron nan ashe ɗan kirki ne," Umma ta ci gaba. "Ni fa dama ban taɓa ƙin sa ba, gida kawai na ce. Ki ce masa ya turo manyansa ranar Asabar."

Shekara biyu ina roƙon Allah in ji wannan maganar daga bakinta. Yau ta zo, na ji ta kamar an ɗora min dutse a ƙirji.

Baba ya jingine jitar ya daki kujerar kusa da shi. "Zo nan, Auta. Zauna."

Na zauna. Ƙamshin sabulun aski na tashi daga jikinsa. Idon Baba ya yi rauni shekara uku ke nan, shi ya raba shi da gyaran agogo. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma rubutu sai dai a karanta masa. Takardar asibiti, saƙon waya, takardar wuta, duk ni ce. Bai taɓa cewa wani ya sake duba abin da na karanta masa ba.

"Buɗe min wurin," ya ce.

"Wane wuri, Baba?"

"Inda waƙar take. A wayarki."

Sau biyu ina kuskuren lambar buɗe wayar. Na buɗe shafin, na karanta masa sunan waƙar, na karanta sunansa da ke sama, da ƙarfi, da fara'a, ina fatan ya tsaya a nan.

Ya girgiza kai yana murmushi. "Wannan na sama ai ko wancan karon sun ba ni. Na ƙasa nake so. Ƙananan haruffan."

Umma ta matso. Ita ba ta karanta boko, amma ta leƙo ta kafaɗata. Na danna ɗigo ukun. Sunan Injiniya ya fito, baƙi a kan fari, ba abin da ya canja tun rana.

Jama'a, na san abin da za ku rubuto min. Na san za ku ce da na faɗi gaskiya a wuce wurin. Ni ma a raina na buɗe baki ne in ce, Baba, na yi kuskure. Amma na ɗago na ga fuskarsa. Ya rufe ido, ya ɗan karkato kunne wajena, leɓensa na motsi tun kafin in fara, yana shirin bin sunan tare da ni.

Na karanta masa sunansa shi Baba, wanda babu shi a wurin. Cikakke, har da na mahaifinsa.

"Sake," ya ce.

Na sake. Muryata ta karye a tsakiya, Umma ta dafa ni tana cewa kukan daɗi ne, bar ta ta yi.

Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kawo ta dab da fuskarsa, ya runtse ido yana nema. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗora babban yatsansa a kan layin, daidai kan sunan Injiniya.

"Nan ne?"

"Nan ne, Baba."

Ya shafa wurin a hankali, sau biyu. Hawaye ya gangaro ta gefen da aka aske. Bai share ba. Ya miƙo min wayar, ya gyara zama, sai na ji muryarsa ta koma wata iri, mai ƙarfi, wadda ban san shi da ita ba.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba," ya ce. "Lokacin da abin nan ya faru na je ofishin ƙungiyar marubuta waƙa. Sau huɗu ina zuwa. A na ƙarshe wani magatakarda ya buɗe rajista a gaban mutane, ya juyo min da ita ya ce, malam, nuna min sunanka. Na rasa abin nunawa. Ya ce ranar da na samu waƙa mai sunana in dawo, za su ba ni kujera." Ya juya wajen Umma. "Ciro min kwat ɗina, baƙar nan, a goge ta."

"Baba," na ce, "ai ba sai ka je da kanka ba. Yanzu komai ta waya ake yi. Ka bari in..."

"Da ƙafata zan shiga. Su buɗe rajistar, su juyo min da ita, su karanta da bakinsu a gaban mutane." Ya dafa kaina. "Ki nemi izini a wurin aiki, Auta. Ke za ki riƙe min hannu a matakala."

Yanzu ina ɗakina, na jingina da ƙofa. Ta ƙasanta ina jin ƙamshin dutsen guga a kan tsohon yadi, ina jin Baba yana gwada igiyoyin nan huɗu. Wayata ta yi haske sau bakwai, duk Injiniya ne, ban ɗauka ba. Na ƙarshen saƙo ne: "Lafiya dai ko? Ba abin da ya faru?"

Ban san me zan rubuta masa ba. Gobe ƙarfe takwas na safe Baba ya ce mu fita.